Don Casiano da Jirgin Sulu Mafi Tsawo a Duniya

Mijin yayata, Don Casiano Ticona, mutum ne da bakinsa ke riga hankalinsa tashi daga barci. Shi ne ya taɓa sayo kifi daga tafki ya zuba a tsohon ramin kuza wai zai yi kiwo, ruwan ramin ya kashe su tun bai gama jawabi ba. Shi ne kuma ya ɗaura wa babur ɗinsa zanin gado a jikin sanda don iska ta riƙa tura shi ya huta da sayen mai, iskar ta kai shi garin da bai yi niyyar zuwa ba. Duk da haka in ka same shi a kasuwa yana tauna ganyen koka yana zuba, sai ka rantse shi ya dasa duwatsun da suka kewaye garinmu.

A shekarar da nake ba ku labari, Yaya Fortunata ce ta karɓi ɗaukar bikin waliyyin gari. Mu a wurinmu ba a auna biki da yawan makaɗa ko yawan nama. Ranar ƙarshe ake auna shi, lokacin da Fada zai tsaya a ƙofar coci ya ɗaga tuta ya ce, "Wa zai ɗauki na baɗi?" In biki ya yi kyau, kowa sai ya sunkuyar da kai, don ba mai so a gwada nasa da wanda ya wuce. Tsawon shirun nan shi ne darajar mai biki. Da mahaifiyarmu ta yi nata, Fada ya riƙe tuta har hannunsa ya sage, aka watse ba wanda ya yi ko tari. Wannan shirun Yaya take so. Tun tana amarya take sayar da kunun masara a bakin rami cikin sanyin asuba, tana ƙulle abin da ta samu a bakin zani, don wata rana ita ma a yi mata irinsa.

Muna cikin shan miya wata rana, ni da Yaya da Severino Colque, uban suna na ɗan Yaya na fari, wanda saboda haka shi da Casiano suke kiran juna kompadre, sai ga Casiano ya faɗo gida daga shagon aski, gefe ɗaya na kansa a aske, ɗayan ba a taɓa ba.

"Fortunata, an gama! Bikinki ya shiga tarihi."

Yaya ba ta ɗago ba ta ce, "Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba. A talabijin na gani yanzun nan. Jirgin sulu, irin na manyan wuraren wasa. A ɗora tarago a kan dogo, a ja shi can sama, a sake shi ya sulalo, mutane suna ihu suna kiran iyayensu, in sun sauka su koma layi. Wai wanda ya fi kowanne tsawo a duniya bai wuce mita ɗari biyu ba. Ɗari biyu! Primitiva, mu da muke zaune a nan, mita nawa muke sama da teku?"

Na ce, "Dubu huɗu da ɗoriya." Wannan kowane yaro a garinmu ya san shi tun kafin ya san sunan kakansa, don shi kaɗai muke da shi na yi wa mutanen kwari gori.

Ya bugi tebur. "To kin ji! Duk abin da na gina a nan ya riga ya fi nasu da dubu huɗu tun ban buga ƙusa ba."

Severino ya ajiye cokali. "Ashe akurkin kajina ya fi duk benayen Amurka tsawo, ni ina nan zaune da talauci ban sani ba."

"Kajinka ba su da hangen nesa, kompadre. Halin mai su suka ɗauko."

"Su dai ba su taɓa kiwon kifi a ramin kuza ba."

Yaya ta dube shi ta ce, "Tsoho, ni abinci zan dafa, in kawo 'yan badujala, in ciyar da gari. Ka je ka yi wasanka can nesa. Amma kada ka taɓa min itace, kada ka kusanci tukwanena." Ya ɗaga hannu ya rantse, har da sumbatar yatsa.

A bayan gari akwai tsibin baraguzan da kamfani ya tara tun zamanin kakanninmu, ya kai tsawon hasumiyar coci sau biyu. Nan Casiano ya zaɓa. Dogo kuwa ga shi nan birjik a tsofaffin ramuka yana tsatsa, taragun tama ma haka. Mahaƙa suka zo taya shi aiki kyauta, ba don sun yarda da shi ba, sai don garinmu ba gidan sinima. Suka shimfiɗa dogo daga kan tsibi ya gangaro, ya ɗan hau wani tudu, ya sake gangarowa, ya ƙare a gefen filin ƙwallo. Da katako ya ƙare, ya cire ƙyauren ɗakin ajiya. Da wannan ya ƙare, ya cire na bayan gida, ya rataya buhu a wurin.

Gwajin farko da buhunan dankali aka yi. Tarago ya sauko lafiya har kwanar farko, daga nan ya ci gaba da tafiya a kan dogo, dankali kuma ya miƙe ya nufi gari. An yi ruwan dankali a kan rufin kwano har tsofaffi suka fito suna cewa ƙanƙarar bana ta zo da wuri. Matan unguwar ƙasa suka tattara a zannuwa, ba wadda ta mayar.

Yaya ta ce, "Dankalin wa ka ɗauka?"

"Kin ga saurinsa kuwa? Ko a can ƙasashen ba su..."

"Na ce dankalin wa?"

Ya ce ai kimiyya ba a yin ta sai da sadaukarwa, ya fice ta ƙofar da ba ƙyaure.

Gwaji na biyu ya ce sai da mai rai. Ya aro lama, raƙumin nan namu na dutse, daga wurin wata gwauruwa. Maza shida suka kasa ɗora ta a tarago. Ta tofa wa Casiano koren yawu a ido, ta take masa ƙafa, ta tsinke igiya ta yi daji. Ya dawo gida yana ɗingishi yana cewa dabbar ta fahimci girman abin ne, tsoro ya kama ta. Gwauruwar kuwa ta tare a tsakar gidanmu da saƙarta, ta ce ba inda za ta sai an nemo mata dabbarta, kuma a nan take cin abinci.

Zuwa lokacin, labari ya gama gari, sai maganar iyaye ta taso. Kun san ba a yin sabon abu a biki sai an naɗa masa uba ko uwa: uban makaɗa, uwar fitilu, uban giya. Wanda aka naɗa shi zai ƙawata abin da hannunsa, shi zai yi masa challa, wato ya yayyafa masa abin sha don Uwar Ƙasa ta karɓe shi, kuma shi zai fara amfani da shi. Kyautar uban abu ba a mayar da ita, ba a gyara ta, ko da ta fito a karkace. Casiano ya rarraba jirginsa gunduwa-gunduwa don kowane babba a gari ya samu rabo.

Don Hilarión mai kantin ƙarfe ya zama uban tarago. Ya ce ba zai yiwu ɗansa ya fita tsirara ba, ya sa aka ɗaure masa doguwar kujerar falo a ciki, aka yi masa rumfar ƙarfe, aka kafa madubi a kowane gefe. Doña Leocadia mai sayar da nama, wadda in ta shiga motar haya direba kan roƙe ta ta zauna a tsakiya, ta zama uwar ƙafafu. Da aka gama rabo, ba abin da ya rage sai birki, wani gungumen itace a jikin sandar ƙarfe, in an ja sandar sai ya danne ƙafar baya. Shi Casiano ya kai wa Severino.

"Ni? Uban gungume? Na riƙe ɗanka a gaban Fada, ka ba Hilarión tarago, ni ka ba ni itacen girki?"

"Kompadre, birki shi ne ran jirgi."

"In ransa ne me ya sa sai da kowa ya zaɓa ya rage?"

"Saboda ba kowa ke da hankalin gane shi ba."

Wannan ta ɗan shiga Severino. Ya karɓa, amma ya ƙudura a ransa cewa gungumen nan sai ya sha gatan da ba wani ɗa a jirgin da ya sha.

Ranar jajibere da la'asar aka yi challa. Don Hilarión ya fasa kwalabe a jikin tarago. Doña Leocadia ta durƙusa da kyar ta tuttula wa kowace ƙafa giya, ta bi ta da sukari kwano-kwano don tafiya ta yi zaƙi, ta rufe da yankakkiyar takarda mai launi har ba a ganin ƙarfen. Severino ya bari sai da kowa ya gama, sannan ya kwance wani ƙunshi. Kitsen lama ne fari tas, irin wanda ake ba Uwar Ƙasa a manyan al'amura kawai. Ya shafe gungumen da shi ciki da waje, ya murza, ya ƙara, har yana ƙyalli. Da ya ga akwai saura, ya bi dogon ƙarshe na wajen filin ƙwallo ya shafe shi ma, wai don ɗansa ya sami tarba mai kyau.

Wani tsohon mahaƙi ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta taka shi. Wa zai ce wa uban abu kyautarsa ba ta yi ba? Casiano kuwa hawaye ne a idonsa. Ya rungume Severino ya ce, "Ka ga ɗan halak. Ko a ƙasashen waje ba na jin ana yi wa birki haka."

Ranar biki ta zo, kuma in faɗi gaskiya, Yaya ta yi abin da ya kamata. An fito da waliyyi an zaga gari, 'yan badujala ƙungiya biyu suna ta gasa, masu rawa sun cika titi. A dandali, ƙarƙashin rumfa, manyan tukwane ne jere: miyar gyaɗa, gasasshen naman lama, busasshen dankali da yaji. Yaya na tsaye cikin sabon mayafi mai geza da hularta ta zuwa coci, tana ba masu girki umarni da ido. Na ji tsofaffi biyu suna raɗa cewa rabonsu da ganin irin wannan tun na uwarta. Na gaya mata, ta gyara hularta ta ƙara miƙe kai.

Kafin a raba abinci aka ce za a buɗe jirgi. Daga dandali ana hango tsibin sarai, kuma ba mu rasa ko kalma ɗaya ba, domin Casiano ya rataya lasifika mai batir a ƙirjinsa. Iyayen jirgi suka hau da iyalansu: Don Hilarión da matarsa, Doña Leocadia da siket ɗinta mai hawa-hawa da ɗan siririn mijinta, Severino a baya riƙe da sanda yana hura hanci.

Doña Leocadia ta ce, "Kai fa, Don Casiano? Ga wuri a cinyar mijina."

"Ina! Injiniya ba ya hawa. Injiniya sama yake tsayawa yana lura."

"Ko dai tsoro?"

"Tsoro? Ni da na hau babur mai zani har..."

"Har garin da ba ka yi niyya ba. Saki jirgi, malam, miya na hucewa."

Ya yi jawabi a kan teku da nisan da ke tsakaninmu da shi, ya yi wa injiniyoyin duniya ta'aziyya, sannan ya zare sandar da ta tare tarago ya ce, "A sauka lafiya!"

Tarago bai motsa ba.

Sukari da giya da takarda sun kwana cikin sanyi, sun daskare a ƙafafun kamar alewa. Casiano ya tura da hannu ɗaya yana murmushi. Ya tura da biyu. Ya sa kafaɗa, lasifika na watsa nishinsa har bayan gari. Wani daga ƙasa ya ɗaga murya ya ce, "Don Casiano, ko shi ne jirgi mafi natsuwa a duniya?" Dandali ya kwashe da dariya.

"Ɗaukar numfashi yake yi! Haka na can ma suke yi, don a ƙara wa mutane fargaba. Kai, ku 'yan badujala, ku ajiye ƙahonin nan ku zo!"

Ƙungiya guda ta hau tsibi. Suka jeru a bayan Casiano, mai babbar ganga a ƙarshe, suka ƙirga suka tura gaba ɗaya. Sai muka ji ƙas, alewa ta karye. Tarago ya zabura, 'yan badujala suka zube a kan juna, ƙugiyar bayan tarago kuma ta kama ɗamarar Casiano. Injiniyan da ba ya hawa ya tafi a rataye, ƙafafunsa na lilo a iska.

Abin da lasifika ta watsa daga nan ba zan iya maimaita duka ba. Ya kira uwarsa da ta rasu tun muna yara. Ya kira waliyyin gari da na garin maƙwabta. Ya yi alkawarin daina ƙarya. Huluna suka tashi sama kamar an kori tantabaru, madubin hagu ya yi nasa wuri, Doña Leocadia ta rungume mijinta har ba a ganinsa. Suka haye tudu, suka sake gangarowa, filin ƙwallo ya matso.

"Kompadre, birki! Birki!"

"Ina ja!"

"Ja da ƙarfi!"

"Na ja har ƙarshe! Ba ka ji yadda yake tafiya sumul ba? Ko ƙara babu!"

"Don uwarka, ƙarar muke so!"

Dogon ƙarshe da ya sha kitse ya karɓe su hannu biyu ya ƙara musu gudu. Tarago ya bar dogo, ya ratsa filin ƙwallo, ya shige ta tsakanin sandunan gola, yara suka yi ihun an ci. Daga nan ya sami titin da ke gangarowa dandali. Masu rawa suka watse da kayan rawarsu, karnuka suka bi shi da haushi. Na ja hannun Yaya, ta fizge. Sai da na rungumo ta muka faɗi gefe.

Rumfa ya fara ɗauka, sannan tukwane, ɗaya bayan ɗaya, kamar an aike shi. Miyar gyaɗa ta malale dandali har bakin matakalar coci. Naman lama ya yi birgima cikin ƙasa, karnukan gari suka yi bikin da ba su taɓa yi ba. Tarago ya je ya tsaya a cikin tulin buhunan busasshen dankali, a hankali, kamar bai yi komai ba.

Ba wanda ya karye, sai dai mijin Doña Leocadia da aka daɗe ana yi wa fifita. Aka sauko da Casiano daga ƙugiya, miya tun daga gashi har takalmi, wando ya rabu biyu. Ya tsaya yana tangaɗi, ya dubi jama'a, ya gyara lasifika.

"Jama'a, kun gani da idonku. Wane jirgin sulu ne a duniya yake kai fasinja har wurin cin abinci?"

Wata tsohuwa ta jefe shi da dankali. A ranar, baƙin da suka zo daga ƙauyuka burodi da kunu suka ci, a tsaye, suna dariya suna nuna juna yadda ƙafafunsa suka riƙa yi.

Washegari aka taru a ƙofar coci. Yaya ta zo da mayafinta, ta wanke shi amma tabon man gyaɗa bai fita ba. Ta tsaya a gaba, kanta a miƙe, Casiano a gefenta cikin aron wando. Ni ina bayanta ina addu'a a raina: ko ɗan shiru kaɗan ne, ko na tausayi, a yi mata. Fada Anselmo ya ɗaga tuta ya ce, "Wa zai ɗauki na..."

Bai ƙarasa ba. Hannuwa suka tashi ko'ina.

"Ni, Fada!"

"Ni na riga shi!"

Don Hilarión ya ture wani, Doña Leocadia ta ture Don Hilarión. Mutumin da aka yi shekara da shekaru ana roƙo ya ɗauka yana cewa ƙafarsa na ciwo, shi ne ya haye matakala da gudu. Har gwauruwa mai lama, wadda ba ta da ko tukunya biyu, ta ɗaga sandarta tana cewa, "A ba ni! Ko ruwan zafi na raba ai na fi na bana!" Fada ya ɗaga tuta sama don kada a yaga ta, yana ta cewa a yi haƙuri, a bi layi.

Casiano ya waiga ya dubi hannuwan, fuskarsa ta washe. Ya taɓa Yaya da gwiwar hannu.

"Kin gani, Fortunata? Dubi yadda muka zaburar da gari! Tun da aka kafa cocin nan ba a taɓa rububin tuta haka ba. Wa ya taɓa samun wannan?"

Yaya ta juyo ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage shi ba. Hawaye ne kawai suka gangaro mata, ita da ban taɓa ganin kukanta ba ko ranar da muka binne mahaifiyarmu.

Ta ce, "Casiano, uwata shiru aka yi mata."

Ya buɗe baki. Na ga yana laluben abin faɗa, ya duba nan ya duba can, bai samu ba. Ya rufe bakin, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Jama'a na ta kokawa a kan tuta, su biyu suna tsaye a tsakiya. Duk faɗin dandalin nan, mutum ɗaya ne ya yi wa yayata shiru.